Ina Mai Damuwa Zai Dosa? Neman Taimakon Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Dutsin-Ma da Kurfi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko duk lokacin da aka tayar da zancen lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar Hausa: wai mutanenmu ba sa zuwa asibiti ne don sun ɗora komai a kan aljanu da sammu, saboda haka magani shi ne wayar da kai. Wannan maƙala tana ganin an yi wa matsalar gurguwar fahimta. A wuri irin Dutsin-Ma da Kurfi, ko da an wayi gari kowa ya yarda cewa damuwa ciwo ce da ke da magani, mai ita ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a kusa, kuma 'yar wadda ke akwai ba ta ba shi tabbacin cewa asirinsa zai rufu. Rashin wurin zuwa ya riga rashin son zuwa.

Dutsin-Ma ba ƙauye ba ce. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 170,000, Kurfi kuma sama da 110,000, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Garin yana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, yana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, wadda ta jawo dubban matasa daga sassan ƙasar nan, ga babban asibiti, ga Dam ɗin Zobe da manoman rani da masunta. Sai dai kuma yana maƙwabtaka da Safana da Ɗanmusa, ƙasashen da ke jingine da Dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Oktoba na 2023 aka shiga cikin garin Dutsin-Ma aka ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'a daga gidan da suke haya. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Waɗanda aka ɗauke daga gona ko kan hanyar kasuwa, ba wanda ya riƙe lissafinsu sai danginsu.

Mu ɗauki misalin matar da aka sako bayan an biya kuɗin fansa. Kwanakin farko gida cike yake, ana ta shigowa barka da arziki, ana kawo abinci, ana cewa "Allah Ya kiyaye gaba." Bayan mako guda kowa ya koma harkarsa. Ita kuwa ba ta barci. Da ta ji ƙarar babura biyu ko uku a jere sai gabanta ya yanke ya faɗi, gumi ya keto mata. Ta san an sayar da gona da shanun huɗa kafin a karɓo ta, don haka ba ta da bakin cewa har yanzu ba ta da lafiya. Wanda aka yi wa wannan ɗawainiya godiya ake jira daga gare shi. Idan kuma an keta mata haddi a daji, wannan ko mahaifiyarta ba za ta ji ba. Ranar da abin ya ci tura sai ta je wurin mai kemis ta ce, "Malam, kaina ke ciwo, zuciyata na bugawa, jikina duk a mace." Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. Shi kuma sai ya haɗa mata maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ya ƙara da ƙwayar barci. Bayan mako biyu ta koma da kuka iri ɗaya.

Abin lura a nan shi ne matar ta nemi taimako, har ta biya kuɗi. Ba aƙidar iskokai ce ta tare ta ba. Wanda ta samu ne ba a koya masa ya yi tambaya ta biyu ba: me ya same ki kafin ciwon kan ya fara?

Da a ce ta nufi ƙwararre, tafiyar mai tsawo ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma galibinsu suna manyan birane. Daga Dutsin-Ma sai a nufi birnin Katsina, tafiyar kilomita sittin ko kusa da haka, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya yake. In abin ya yi tsanani a wuce Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato. Kuɗin mota na mutum biyu ne aƙalla, don ba a tafiya da marar lafiya babu ɗan rakiya, sannan jinyar ba ta zuwa ɗaya ba ce. Waɗannan asibitoci kuma a idon jama'a na wanda ya fita tsirara ne ko yake duka. Sunan Dawanau ma ya zama abin zolaya. Uban da ke da 'ya'ya mata a gaba zai yi tunani sau goma kafin a ji an kai wani nasa can, saboda masu binciken aure ba sa mantuwa. Wannan lissafi ne na mai hankali, ba jahilci ba.

Masu cewa waya ta kawo sauƙi, a nemi mai ba da shawara ta intanet, su tuna cewa a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni a haka. Hanyar tana iya amfanar ɗalibin jami'a mai jin Turanci da kuɗin data. Matar da ke aron wayar mijinta ba ta cikin wannan lissafi.

Saboda haka malami ya zama matakin farko, kuma ya kamata a yi masa adalci. Yana kusa, yana jin harshen mai ciwo, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma zuwa wurinsa ba ya ɓata sunan gida. Bayanin da yake bayarwa ma yana ɗauke wa marar lafiya laifi: shafar aljani abu ne da ya zo daga waje, ba a gadonsa, ba ya hana aure. Tofi da rubutu da addu'a suna sanyaya zuciyar mai imani, babu mai musun wannan. Matsalar tana farawa ne inda malamin ya wuce iyakarsa. Mai farfaɗiya da ake yi wa ruƙiyya shekara da shekaru alhali akwai ƙwaya mai arha da ke tsayar da ita, an cuce shi. Mai jego da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, aka rufe ta a ɗaki ana turara mata hayaƙi, tana cikin haɗari ita da jaririnta. Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da cikin birnin Katsina, aka fito da maza da yara ƙafafunsu cikin sarƙa, jikinsu duk tabon bulala. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, har suna biyan kuɗin wata. An rufe gidajen, kuma daidai ne. Amma uwar da ɗanta ke shan tiramol yana fasa kayan ɗaki, ba a nuna mata inda za ta kai shi a madadin can ba. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Masu ganin cewa jinya ta hanyar magana baƙon abu ne ga Musulmi suna bukatar komawa tarihi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen musabbabi da wanda ke taso wa mutum haka kawai daga jiki, ya kuma nuna amfanin nasihar mai hikima da horar da tunani. Al'adarmu ma ba ta rasa masu sauraro ba: aminiya, gwaggo, uwar ɗaki, abokin majalisa. Sai dai duk waɗannan suna cikin da'irar da mutum ke jin kunyarta, kuma a garin da bala'i ya shafi kowa, mai rarrashin ma yana ɗauke da nasa. Kalmar "haƙuri" tana da girma a addini da al'ada, amma sau da yawa da ita ake rufe bakin wanda bai gama magana ba.

Mafitar da nake gani ba sabuwa ba ce, kuma ba daga Turai ta zo ba. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu jinya ke zama a gidajen ƙauyawa tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, kodayake ta tsaya a takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar mhGAP a 2010 domin ma'aikacin da ba ƙwararre ba ya iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, ya yi abin da zai iya, ya tura sauran gaba. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitin unguwa suna zama shida da mai damuwa. Gwajin da aka buga a mujallar JAMA a 2016 ya nuna bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka yi zaman ke da alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda ba su yi zaman ba kashi 50 ne. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne aikin Oye Gureje da abokansa a Ibadan da Kumasi, da ya fito a mujallar Lancet a 2020: ma'aikatan lafiya na zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addini suna duba masu taɓin hankali a can, kuma waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi.

Kayan aikin suna nan kusa. Makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, ta ungozoma tana Malumfashi, kuma jihar tana da mazaɓu 361 da ake son kowace ta samu asibitin matakin farko mai aiki. Idan aka horar da mutum biyu a kowane ɗaya, mace da namiji, aka sa likitan ƙwaƙwalwa daga Katsina ya riƙa zuwa babban asibitin Dutsin-Ma sau ɗaya a wata yana duba masu tsanani yana kuma bin diddigin aikin ƙananan ma'aikata, an rage rabin tafiyar. Mace a cikinsu wajibi ce, don akwai abin da Bahaushiya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Wurin awon ciki da rigakafin yara shi ne ya fi dacewa, tunda nan ne mace ke zuwa ba tare da an tambaye ta dalili ba. Limamai da masu ruƙiyya kuma a zauna da su a matsayin abokan aiki, a yi yarjejeniya kan alamomin da in sun gani za su ce, "Alhaji, addu'a muna yi, amma a haɗa da asibiti yau ɗin nan."

Duk wannan zai rushe in ba a tsare sirri ba, kuma a nan ne nake ganin masu tsara manufofi ba su zurfafa tunani ba. A galibin ƙananan asibitocinmu ɗakin ganin likita ƙofarsa a buɗe take, na bayanka a layi yana jin duk abin da kake faɗa, mai yanka kati ɗan unguwarku ne, ma'aikaciyar jinya kuma ta yiwu ƙawar kishiyarki ce. A babban birni mutum yana iya ɓacewa cikin jama'a; a Kurfi ba ya iyawa. Don haka ɗakin kada a rubuta masa suna a ƙofa, katin kada ya bambanta da na kowa, kuma ma'aikacin da ya fitar da maganar marar lafiya a hukunta shi a fili yadda kowa zai ji. Labari ɗaya in ya fita, shekara biyar ba ta gyara shi.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin sirri da kariya daga azabtarwa. Amma asibitocin matakin farko a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, don haka sai Majalisar Dokokin Katsina da ma'aikatar lafiya sun ware kuɗin horo da magani kafin mutumin Dutsin-Ma ya ga amfaninta. Akwai kuma sashe na 231 na kundin Final Kot da jihohin Arewa suka gada, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Haramcin abin a addini ba a jayayya a kansa, amma iyalin da ke tsoron 'yan sanda za su ce kuskure ne 'yarsu ta sha fiya-fiya, a wanke mata ciki a sallame ta, ba tare da kowa ya tambaye ta abin da ya kai ta ba.