Ɗaukar Hoton Taurari a Ƙasar Kudan

Ɗaukar hoton taurari wani fanni ne da ya haɗa sana'ar hoto da ilmin falaki, wanda manufarsa ita ce adana surar wata da taurari ta hanyar kyamara ko wayar hannu. Asalinsa daga Amurka ne, inda John William Draper ya ɗauki hoton wata a shekarar 1840, sa'an nan aka ɗauki na tauraron Vega a 1850.

Da yake hasken tauraro mai rauni ne ƙwarai, wajibi ne a kafa na'urar bisa abin da ba ya motsi, a bar idonta a buɗe kimanin daƙiƙa 10 zuwa 20 tana tara haske. Idan kuwa aka zarce haka, juyawar ƙasa, wadda ke cin daraja 15 cikin kowace sa'a, takan mai da taurarin zare-zare.

Ƙasar Kudan, mai hedikwata a Hunkuyi, tare da maƙwabciyarta Makarfi, tana bisa daraja kusan 11 arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka wanda ya fita bayan gari, wajen gonakin rake inda babu fitilu, yana iya riskar taurarin arewa da yawancin na kudu. Mafi dacewar lokaci shi ne ƙarshen damina, kafin hazon hunturu ya turnuƙe sararin samaniya, a dararen duhun wata, sa'ad da Surayya, wato Kaza da 'Ya'yanta, ke fitowa daga gabas.