Kufai a Allon Majigi: Tarihin Finafinan Rushewar Duniya da Dabarun Shirya Su

Gabatarwa

Bahaushe ya san kufai tun kafin ya san majigi. A shekarar 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a cikinta kuma Birnin Gazargamu na Barno ya faɗi. A 1893 Rabe ya ƙone Kukawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin waɗannan wurare ya san abin da kango ke sa wa zuciya: shiru a inda dā ake hayaniya, ciyawa a inda dā ake fadanci. Wannan yanayin ne wani rukuni na finafinai ya ɗauka ya mayar sana'a, watau finafinan da ke nuna zaman 'yan tsirarun da suka saura bayan yaƙi ko annoba ko fari sun rushe duniya. Rushewar da ake nufi a nan ta zaman duniya ce, wato hukuma da kasuwa da amana. Tashin Alƙiyama wani babi ne dabam. Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin waɗannan finafinai, da bayyana dabarun da masu shirya su ke bi su cusa tsoro ko kaɗaici ko fata a zuciyar mai kallo, sa'an nan a duba abin da ya shafi ƙasar Hausa a ciki.

Zuwan majigi

An fara nuna fim a Nijeriya a Legas cikin 1903. A Arewa kuwa yawancin mutane sun fara ganinsa ne ta motocin majigi na Gwamnatin mulkin mallaka, waɗanda ke yawo gari gari suna koyar da tsabta da noma. A Kano an buɗe gidan silima na Rex a 1937, daga baya Palace ya biyo a farkon shekarun 1950, sa'an nan irin su Plaza da Orion da Eldorado, da Marhaba a yankin Tarauni. Mafi yawan masu shiga waɗannan gidaje ba su jin Turanci ko Indiyanci, amma duk da haka sukan fito su ba da labarin fim daga farko har ƙarshe. Dalili kuwa shi ne hoto yana da nasa harshen.

Wani malamin fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada haka wajen shekarar 1920. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, ba fara'a ba fushi, ya jera ta da hoton kwanon miya, sa'an nan da hoton gawa cikin akwati. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar farko, suka ga baƙin ciki a ta biyu, alhali kuwa fuskar ɗaya ce. Ma'ana ke nan tana fitowa daga yadda aka jera hotuna. A kan wannan tushe aka gina duk abin da zai biyo.

Zamanin tsoron bam

Bayan da Amurka ta jefa bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima da Nagasaki cikin Agusta 1945, ɗan Adam ya gane cewa yana iya hallaka jinsinsa da hannunsa. A 1959 Stanley Kramer ya fitar da On the Beach, fim baƙi-da-fari a kan mutanen Ostareliya da ke jiran gubar nukiliya ta iso musu daga arewa. Abin lura shi ne ba a nuna fashewar bam ko tarin gawawwaki ba. An nuna birnin San Francisco ta madubin jirgin ƙarƙashin teku, gidaje tsaye lafiya lau, tituna kuwa ba ko mutum ɗaya. Wannan ita ce dabara ta farko: barin fili wayam. Ido ya saba ganin jama'a a titi, in ya rasa su sai zuciya ta cike giɓin da abin da ta fi tsoro.

A 1962, shekarar da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kusa jawo yaƙi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, Bafaranshe Chris Marker ya shirya La Jetée, wanda bai kai rabin sa'a ba. Kusan dukkansa hotuna ne sandararru, da muryar mai ba da labari. Wuri guda kaɗai hoto ya motsa, inda wata mace ta buɗe ido daga barci. Da yake an hana mai kallo motsi tun farko, wannan ɗan motsin sai ya zamar masa kamar ruwa ga mai ƙishi. Hikimar ita ce, duniyar da ta mutu lokacinta ya tsaya cik, rai kuwa motsi ne.

A Tarayyar Sobiyet, Andrei Tarkovsky ya fitar da Stalker a 1979. Ya ɗauki duniyar yau da kullum da launin ƙasa-ƙasa mai dusashewa, haramtaccen yankin da mutane suka gudu suka bari kuwa ya ba shi cikakken launi, da koren ciyawa ta lulluɓe ƙarafa. An ɗauki yawancinsa a wasu tsofaffin tashoshin lantarki kusa da Tallinn, kyamara na tafiya a hankali, ɗauka guda takan yi mintoci ba a yanke ba. Bayan hatsarin Chernobyl na 1986, da aka kwashe mutane aka killace yankin, jama'a da yawa suka tuna da wannan fim.

A Nuwamba 1983 gidan telebijin na ABC a Amurka ya nuna The Day After, mutum wajen miliyan 100 suka kalla, ba a kuma sa talla ko ɗaya ba bayan wurin da bama-bamai suka faɗi. Shekara guda bayan haka BBC ta nuna Threads, a kan birnin Sheffield na Ingila, wanda aka tsara shi kamar rahoton hukuma, da rubutattun alƙaluma a kan allo. Dabarar a nan ita ce sanyin murya: da aka ƙi rarrashin mai kallo da kiɗa, sai abin ya yi kama da labarin gaskiya.

Man fetur da hamada

Tsoro yakan sauya da zamani. Bayan tashin farashin mai na 1973, abin fargaba ya koma ƙarewar albarkatu. George Miller, likita ɗan Ostareliya, ya shirya Mad Max a 1979, ya biyo da na biyu a 1981, inda ake kashe juna saboda man fetur. Shi dabararsa sauri ce: kyamara a ƙasa dab da kwalta, yanka hoto a kai a kai, da rurin inji a madadin magana. Tufafin 'yan wasa ma magana suke yi, domin an harhaɗa su ne daga tarkacen tsohuwar duniya, mai kallo ya gane ba a ƙera sabon abu kuma.

A wannan ƙarni an ga hanyoyi biyu game da launi. A The Road na 2009 an tsotse launi har komai ya koma toka, rana ba ta fitowa sosai, don a nuna ƙasa ta daina haihuwa. A Mad Max: Fury Road na 2015 kuwa an ƙara wa yashi ja, an ƙara wa dare shuɗi, har zafin ya kusa taɓa fatar mai kallo. Game da sauti kuma, A Quiet Place na 2018 ya mayar da shiru ginshiƙin labari, ta yadda faɗuwar ƙaramin abu kan razana gidan silima duka.

Rabon Afirka

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi tunani a kai. An ɗauki Fury Road ne a hamadar Namibiya. Watau abin da Bature ke nunawa a matsayin ƙarshen duniya, ƙasar wasu ce da suke zaune a gefenta. Rijiya ƙafaffa, da tafiya mai nisa neman ruwa, da ƙaura da kaya a ka, su ne alamun tashin hankali a waɗannan finafinai, alhali mutanen Sahel sun gan su da idonsu a farin 1972 zuwa 1974, kakanninsu kuma sun gan su a yunwar 1913 zuwa 1914. Tabkin Cadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Wanda ya saba ganin ƙasarsa a allo a matsayin kufai kawai, sannu a hankali zai ɗauka ba ta da gobe.

Wasu 'yan Afirka sun mayar da martani. A 2009 Wanuri Kahiu ta ƙasar Kenya ta shirya gajeren fim, Pumzi, a kan zaman mutane a killace shekara 35 bayan yaƙin ruwa. Ta ɗauki cikin mafakar da haske fari fat mai sanyi, kamar asibiti, waje kuwa rana da yashi. Amma a wajen ne jarumar ta shuka iri, ta shayar da shi da ɗan ruwan da ya rage mata. Hamada ɗaya ce da ta Miller, sai dai a hannun Kahiu ta zama gona.

A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da wannan shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin na zamanin bauta ne, amma jigonsa ɗaya da na waɗancan: gida ya watse, uwa ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara, ayari ya hallaka a guguwar yashi. Shi kansa fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda suka soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sun gāji wasan kwaikwayon rediyo da telebijin, sun kuma ari waƙa da rawa daga Indiya. Saboda haka ƙarfinsu yana ga baki: ɗan wasa yakan faɗi baƙin cikinsa, kyamara tana tsaye tana saurare. Akan ce rashin kuɗi ne ya jawo haka, amma tarihin da aka bi a sama bai goyi bayan wannan hanzari ba. Marker da hotuna sandararru ya yi aiki. Danny Boyle kuwa, a 28 Days Later na 2002, da ƙananan kyamarorin bidiyo ya ɗauki titunan Landan wayam, da sassafe kafin gari ya tashi. Mazauna Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun ga irin wannan hoto ba a allo ba, a lokacin dokar kulle ta annobar korona cikin Afrilu 2020, sa'ad da titin Zariya da titin Maiduguri suka yi tsit da rana tsaka. Hazon hunturu kuma kowace shekara yakan tsotse launin gari kyauta, abin da wasu ke kashe kuɗi su samu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abu uku. Na farko, kowane zamani yakan zana rushewar duniya da abin da ya fi tsoro: bam a shekarun 1950 zuwa 1980, mai bayan 1973, ruwa da annoba a wannan ƙarni. Saboda haka waɗannan finafinai hujja ce ga masanin tarihi, kamar waƙoƙin yunwa da na yaƙi. Na biyu, yanayin da mai kallo ke ji shirya shi ake yi da gangan, ta fili da launi da sauti da saurin yanka hoto. Wanda ya san haka zai kalla da hankalinsa, ba za a ja shi kamar raƙumi da akala ba. Na uku, ƙasar da ta san Alƙalawa da fari da ƙaura tana da abin faɗi game da yadda al'umma kan tashi bayan ta faɗi. Aikin da ke gaban masu shirya fim na Kano, da jami'o'in da ke koyar da su, da hukumomin da ke adana ayyukansu, shi ne su koya wa kyamara ta faɗe shi da hoto, kafin wani ya zo daga nesa ya faɗe shi a madadinsu.