Kano Daga Kan Dala, Da Zanen Da Maraɗi Ba Ta Samu Ba

A watan Janairu na 1851, Turawa biyu ƴan Jamus suka rabu a Tasawa. Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya bi ta Gazawa da Katsina ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Adolf Overweg kuwa ya nufi yamma, zuwa Maraɗi da Gobir. Abin da ya sami takardun mutanen nan biyu darasi ne ga duk mai kishin tarihin ƙasarsa.

Barth ya hau dutsen Dala ya zana birnin da ke shimfiɗe a gabansa. Da ya koma gida a 1855, sai aka danƙa zane-zanensa ga Johann Martin Bernatz (1802-1878), mutumin Speyer, gwani wajen zana tsaunuka da koguna da filaye. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Shi ya sake zana abin da Barth ya kawo, aka buga kimanin zane 60 masu launi cikin littafin tafiyar, juzu'i biyar, wanda ya fito a Gotha da Landan a 1857 da 1858. Saboda an tattara su an buga, ɗakunan karatu suka adana su, kuma yau ana samun su a intanet. Malami na iya nuna wa ɗalibansa gidajen ƙasa da dabinon Kano na zamanin Sarki Usman. Sai dai a yi hattara: idon baƙo ne ya gani, hannun wani baƙon ya ƙawata, don haka zanen na bukatar a gwada shi da rubutu da kuma abin da dattawa suka riƙe.

Overweg bai yi wannan sa'a ba. Ya rasu a bakin tafkin Cadi a Satumban 1852, bai kai ga rubuta littafi ba. Barth kuma bai je Maraɗi ba. Ke nan kwarin Gulbin Maraɗi, inda Katsinawa suka kafa sabuwar sarauta bayan jihadi, bai shiga wannan taska ba. Hasarar ta ƙara fitowa fili a 1945, lokacin da ambaliya ta ci tsohon garin da ke cikin kwari, aka mayar da shi kan tudu.

Madarunfa na da abin zanawa: tafkinta, dajinta, da kaburburan waliyyai 99, waɗanda Nijar ta sa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a 2006. Amma tafki na cikewa da yashi, daji na ja da baya gaban gatari da garma. Zanen da aka yi bana, nan da shekara 50 ya zama shaida.

Don haka aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu a bayyane yake. A nemi abin da masu zane na yankin suka yi, ko a allo, ko a bangon shago, ko a littafin ɗalibi. A rubuta sunan mai zanen, da shekara, da wurin da ya tsaya. A ɗauki hoto da izininsa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma baje kolinsu a makarantu. Kano ta sami zanenta ne domin wani ya ɗauke shi da daraja ya kai shi maɗaba'a. Na Madarunfa kuwa, ƴaƴanta ne za su ɗauka.