La Patrona: 'Yar Faston Da Ta Riƙe Gandun Shanu Shekara 40

  

A watan Mayun 2021, lokacin da gwamnonin jihohin Kudu suka taru a Asaba suka ce sun hana yawon kiwo a jihohinsu, babu maganar da ake yi a kara da majalisunmu na Sabo a nan Ibadan sai ta killace shanu a gandu. Kowa na cewa ai haka ake yi a Amurka, amma in ka tambayi yadda ake yin, sai a yi shiru, domin iyakar saninmu finafinan kaboyi ne da muka kalla muna yara. Wannan ya sa na shiga karance-karance a kan manyan gandayen kiwo na can, kuma a nan ne na ci karo da tarihin wata mata mai suna Henrietta King, uwar gidan gandun King Ranch da ke kudancin jihar Teksas. Ba addininmu ɗaya da ita ba, Kirista ce mai tsananin riƙo da addininta. To amma baƙuwa ce a ƙasar da ta zauna, sana'ar gidanta shanu, shi ya sa na ga ya dace mu san yadda ta yi nata zaman.

Asalinta

An haifi Henrietta Chamberlain ranar 21 ga Yuli, 1832, a garin Boonville na jihar Missouri. Mahaifinta, Hiram Chamberlain, fasto ne na ɗarikar Presbyterian, mai yawon wa'azi daga gari zuwa gari. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, saboda haka a hannun uba ta tashi, da karatun Littafi Mai Tsarki da ƙaura bayan ƙaura. Ƙaurarsu ta ƙarshe ita ce zuwa Brownsville, a bakin kogin Rio Grande, inda mahaifin ya kafa majami'ar ɗarikarsu ta farko a kudancin Teksas a 1850.

Mai karatu ya lura da lokacin. A 1848 ne aka gama yaƙi tsakanin Amurka da Meksiko, aka tsayar da wannan kogi a matsayin iyaka. Wato yankin bai daɗe da tabbata a hannun Amurka ba, mafi yawan mutanensa 'yan asalin Meksiko ne, harshensu Sifaniyanci, ɗarikarsu Katolika. Ke nan Henrietta baƙuwa ce ta fuskar harshe, ta fuskar ɗarika, ta fuskar al'ada.

Da suka iso ba su sami gidan haya ba, sai suka zauna a cikin wani tsohon jirgin ruwa da ke ɗaure a bakin kogi. Ana ba da labarin cewa wata rana wani matuƙin jirgi ya zo ya tarar sun tare masa wurin tsayawa, ya buɗe baki da ashar, sai yarinya 'yar shekara 17 ta fito ta wanke shi tas. Wannan matuƙi shi ne Richard King, ɗan talakawa daga New York, wanda ya gudu daga gidan ubangidansa maƙerin zinariya yana ɗan shekara 11 ya shiga aikin jirgin ruwa. Daga ranar ya fara zuwa majami'ar mahaifinta, ba don wa'azin kaɗai ba. An ɗaura musu aure ranar 10 ga Disamba, 1854, mahaifinta ne ya ɗaura.

Daga bukka aka fara

Shekara guda kafin auren, Richard ya sayi fili eka 15,500 a bakin rafin Santa Gertrudis a kan dala 300. Daji ne na ciyawa da ƙaya, sai dawakan jeji. A 1854 ya tsallaka Meksiko zuwa wani ƙauye mai suna Cruillas, inda fari ya sa mutane suka sayar masa da shanunsu. Da ya ga ya raba su da abin da suke ci, shi kuma ba shi da masu kiwo, sai ya ce su biyo shi. Suka kwaso mata da yara suka bi shi. Su ne ake kira Kineños, wato mutanen King, kuma har yau akwai jikokinsu a gandun.

Cikin waɗannan mutane aka kai amarya. Ɗakinta na farko bukka ce ta itace da laka, ƙanƙantarta ta kai sai a waje take rataye manyan farantanta. Ta haifi 'ya'ya biyar tsakanin 1856 da 1864. Maigida kullum yana kan hanya, ita ce ke gida. Ita ke kula da gidajen ma'aikata, da jinyar marasa lafiya, da karatun 'ya'yansu. A nan suka sa mata suna La Patrona, wato uwargijiya. Ana kuma cewa da mijin ya yi arziki ya sayo mata 'yan kunne na lu'ulu'u, sai ta sa aka rufe su da baƙin fenti, don a ganinta ƙyalƙyali bai dace da mai ibada ba.

A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, Richard ya goyi bayan 'yan Kudu masu kare bauta, yana fitar musu da auduga ta Meksiko, ya kuma sami kuɗi sosai a wannan harka. A ƙarshen Disambar 1863 sojojin Arewa suka zo kama shi. Ya sami labari ya gudu, ya bar ta da tsohon ciki da ƙananan yara, ya bar amanarsu a hannun wani ma'aikacinsa, Francisco Alvarado. Da sojoji suka iso da asuba, Alvarado ya buɗe ƙofa don ya gaya musu mata da yara ne kawai a ciki, suka harbe shi nan take. Suka farfasa kayan gidan, suka kora dabbobi. Henrietta ta kwashi 'ya'yanta ta bar gandun, bayan wata biyu ta haifi autanta a garin San Patricio.

Takabar shekara 40

Wannan auta, Robert Lee, shi ake sa ran zai gaji gandun, sai ciwon huhu ya kashe shi a 1883 yana da shekara 19. Bayan shekara biyu, ranar 14 ga Afrilu, 1885, Richard ya rasu a wani otal a San Antonio da ciwon daji na ciki. Ya yi wasiyya da komai nasa ga matarsa: fili sama da eka 500,000, da garken shanu da dawaki, da kuma bashin dala 500,000.

Mai karatu, duk wanda ya san kara ya san abin da kan biyo bayan mutuwar babban maigida. Masu bin bashi su taso, magada su taso, kafin shekara ta zagayo an sayar da komai, sai dai a ce a nan gidan wane yake a da. Henrietta tana da shekara 52, babu mai ganin laifinta in ta sayar ta koma birni ta huta. Ba ta sayar ba. Ta sa baƙaƙen kaya, ba ta sake cire su ba har ta mutu, ta kuma ɗauko lauyan gidan, Robert Kleberg, ta ɗora shi a kan aikin yau da kullum. A 1886 ya auri 'yarta Alice. Shi ke gudanarwa, amma dukiyar tata ce, kuma babbar shawara sai ta bi ta wurinta.

Abin da suka yi shi ne amsar tambayar da muke yi a majalisa. Gandu ba shingen waya ba ne kawai. Kaska na kashe shanu da zazzaɓi, sai a 1891 suka gina kwamin magani da ake tura shanu su bi ta ciki. Fari na kashe su, sai suka yi ta haƙa har a 1899 suka sami ruwan ƙarƙashin ƙasa mai tasowa da kansa, suka bi dajin da rijiyoyi. Suka riƙa barbarar shanunsu na gida da na Ingila masu nama, daga baya suka kawo masu tozo 'yan asalin Indiya, dangin irin namu, saboda juriyar zafi. Daga wannan haɗi aka sami irin shanun da ake kira Santa Gertrudis, wanda gwamnatin Amurka ta amince da shi a 1940. An biya bashin, fili kuma ya yi ta ƙaruwa, har a 1925 ya kai eka 1,173,000. Wato ya fi jihar Legas gaba ɗayanta girma.

Garin da ta kafa

Shanu ba su da amfani in babu hanyar kai su kasuwa. A 1903 ta ba da fili eka 75,000 don a jawo layin dogo ta yankin, kuma ranar 4 ga Yuli, 1904, jirgin ƙasa na farko ya iso sabon garin da aka yanka daga filinta, Kingsville. A nan addininta ya fito fili. Duk takardar fili da aka sayar a garin sai da aka rubuta sharaɗin cewa ba za a sayar da giya a wurin ba. Ta gina majami'ar ɗarikarta, sannan ta ba 'yan Baptist da Methodist da Episcopal da Katolika filin gina nasu. Ta gina makarantar sakandare ta miƙa wa gari. Ta ba da filin makarantar koyon sana'a ta yara 'yan asalin Meksiko, da filin asibitin Spohn a Corpus Christi, ta kuma taimaka wajen kafa kwalejin horon malamai wadda a yau ta zama jami'a.

A 1912 gobara ta cinye babban gidanta ƙurmus, tana da shekara 79. An ce ta hana ma'aikata shiga wuta don ceton kaya, domin gida ana sake gina shi. Da za a gina sabo, sharaɗinta shi ne ya zama gidan da makiyayi zai iya shiga da takalminsa na aiki.

Inda tarihin ke da tabo

Ba zan ɓoye wa mai karatu ɗaya ɓangaren ba. Wannan fili da ya kai girman jiha, kafin zuwan su King mallakar iyalai 'yan asalin Meksiko ne. An saya da takarda da lauyoyi, amma jikokin waɗansu daga cikin masu filayen sun daɗe suna cewa iyayensu sun sayar ne da arha cikin tsoro da matsi, kuma akwai masana tarihi da suka ba wannan magana nauyi. A watan Agustan 1915 'yan bindiga suka kai hari a Norias, wani ɓangare na gandun. A rikicin wannan lokaci 'yan sandan jiha da ake kira Texas Rangers sun kashe ɗaruruwan 'yan asalin Meksiko ba tare da shari'a ba, har majalisar jihar ta yi bincike a 1919. A Kingsville ɗin ma unguwar 'yan Meksiko daban take, makarantar 'ya'yansu daban. Su kuma Kineños, an ba su gida da magani da karatu, amma albashi kaɗan ne, ƙasar kuma ba tasu ba ce. Alherin Henrietta gaskiya ne, sai dai alheri ne na mai sama ga na ƙasa.

Rasuwarta

Ta rasu ranar 31 ga Maris, 1925, tana da shekara 92, bayan ta binne huɗu daga cikin 'ya'yanta biyar. Alice kaɗai ta rage. A wasiyyarta ta sa dukiyar a hannun amintattu na shekara 10 kafin a raba, kuma wannan jinkiri ya taimaka wajen hana gandun wargajewa. Har yau King Ranch na hannun zuriyarta, da fili kimanin eka 825,000.

Ranar jana'izarta makiyaya kusan 200 suka zo a kan dawaki, waɗansu bayan tafiyar kwana biyu. Suka raka gawar zuwa maƙabartar Kingsville, sannan kowannensu ya zagaya kabarin sau ɗaya a kan dokinsa, hularsa a hannu. Mafi yawansu Katolika ne masu jin Sifaniyanci, ita kuwa 'yar faston Presbyterian ce daga Missouri.

Kammalawa

Da na kai wannan wuri a karatuna, kakata ce ta faɗo mini a rai. Bayan rasuwar kakanmu, ita ta riƙe gidanmu na Sabo da sana'ar tuwo, ta hana a sayar da ko ɗaki ɗaya, kuma ranar da ta rasu matan Yarabawa maƙwabta sun fi kowa kuka. Ba ta bar eka ko ɗaya ba, babu kuma wanda ya rubuta tarihinta. Irinta suna da yawa a Sabo da Agege da Shagamu da Fatakwal.

Mu da muke zaune a ƙasar wasu tun zamanin kakanni, tambayar da tarihin Henrietta ya bar mini ita ce: me muka gina a garuruwan nan wanda ɗan gari ma ke amfana da shi? Rijiya nawa, aji nawa, ɗakin shan magani nawa? Sannan in Allah Ya ba mu ƙarfi, yaya muke yi da yaran da ke ƙarƙashinmu, masu koro mana shanu da masu kwana a bayan tirela? Ita ta ci jarrabawa ta farko, ta biyun kuwa har yau ana gardama a kanta. Mu namu lokacin bai wuce ba tukuna.

Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka riƙe gidaje, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Wassalam.