Ciwon Damuwa da Bangaskiyar Kirista a Ƙasar Kano: Waiwaye Daga Nassarawa

Gabatarwa

Abin da muke nufin yi a wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda Kiristocin ƙasar Kano, musamman masu ibada da harshen Hausa, suka riƙa jure wa ciwon nan da a yau ake kira ciwon damuwa, tun kafin likitoci su yarda cewa baƙar fata na kamuwa da shi. Da ciwon damuwa muna nufin baƙin cikin da kan zaune wa mutum makonni ko watanni, ya hana shi barci da cin abinci, ya cire masa sha'awar sana'a da hira, har wani lokaci ya ga mutuwa ta fiye masa. Ya sha bamban da hauka tuburan, kuma a kan wannan bambanci ne bayaninmu ya dogara. Za mu fara daga Nassarawa, domin daga nan ne Turawan mulki suka yanke wanda zai kula da jiki da wanda zai kula da rai, aka bar hankali ba mai shi.

Nassarawa da rabon aiki

'Yan mishan sun riga sojan Ingila zuwa Kano. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS, wanda Dokta Walter Miller ke cikinsa, ya iso birnin, Sarki Alu ya sallame su. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai suka kafa mazauninsu a bayan ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai, suka kuma riƙe alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa musu addini ba. Hatta Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, da farko a ɗan mishan ya zo ƙasar, amma sai da ya tuɓe wannan riga ya shiga aikin gwamnati kafin a damƙa masa 'ya'yan sarakuna.

Ƙofar da aka buɗe wa mishan daga baya ta magani ce. A 1937 aka miƙa wa ƙungiyar SIM kula da gidajen kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Titin Mishan, ba nisa da Nassarawa, a ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh. Ido da fata ke nan suka sami likita.

Hankali kuwa doka ce ta gaje shi. Dokar mahaukata ta 1916 ta tanadi yadda za a tsare wanda ya zama haɗari ga jama'a, kuma a Arewa galibi a kurkukun En'e, ko a wani sashe da ke jingine da shi, ake ajiye irin waɗannan mutane. Mai ciwon damuwa ba ya duka, ba ya tsiraici a kasuwa. Yana ɗaki ya yi tagumi. Saboda haka doka ba ta gan shi ba, asibiti ma bai neme shi ba.

Ra'ayoyi biyu masu karo da juna

A nan ne muke ganin wani abin mamaki. A 1953 Dokta J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin mahaukata na Mathari a Nairobi, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a kan hankalin mutumin Afirka, inda ya ce ciwon damuwa bai cika samuwa a nahiyar ba. Hujjarsa ita ce wai ɗan Afirka ba ya zargin kansa, kullum laifi na maye ne ko na iska. Shi ne kuma aka gayyato a 1955 ya duba harkar taɓin hankali a Nijeriya. A daidai wannan zamani ɗan mishan yana Yadakunya yana wa'azi bisa akasin haka ɗungum, cewa kowane mutum na ɗauke da nauyin zunubinsa a zuciya, yana kuma buƙatar a sauke masa. Kome mutum zai ce game da manufar mai wa'azin, kuma akwai abin faɗi da yawa, ya dai ɗauki kuturu Bahaushe a matsayin mai zuciyar da ke iya karyewa, abin da masanin ya hana shi.

Ba a daɗe ba ra'ayin Carothers ya rushe. Margaret Field ta nuna a 1960 cewa ciwon ya yawaita a tsakanin matan da ke zuwa wuraren tsafi a Gana, har su da kansu suke zargin kansu da maita. Binciken da Alexander Leighton da Farfesa T. A. Lambo na asibitin Aro suka buga a 1963 ya sami alamunsa da dama a ƙasar Yarabawa. Bahaushe ma ai ba ya buƙatar a gaya masa: harshen da ya mallaki ɓacin rai da ƙunci da karayar zuciya da fid da tsammani ya san abin tun kaka da kakanni.

Abin da bangaskiya ta bayar

Mu tsaya kaɗan a gidan kutare, domin a can ne lamarin ya fi fitowa fili. Wanda aka kai Yadakunya a shekarun 1940 ya rabu da gonarsa, sau da yawa da matarsa ko mijinta, ana yi masa allurar mai mai zafi wadda amfaninta kaɗan ne, yana kallon yatsunsa suna gutsurewa. Sai a wajen 1950 ne ƙwayar dapsone ta sa warkewa ta zama abin sa rai. Yawancin majinyatan Musulmi ne, Musulmi kuma suka koma gida, haƙuri da tawakkali su ne garkuwarsu. Amma kamar yadda Shobana Shankar ta nuna a littafinta na 2014, daga waɗannan gidaje ne wani ɓangare na Kiristocin Hausa ya fito, da yawansu suka zama malaman asibiti da masu bishara.

Me suka samu? A ganinmu abu na farko harshe ne. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru na Miller da abokan aikinsa, kuma littafi ne da bai ɓoye baƙin ciki ba. A cikinsa akwai Ayuba, mai gyambuna, zaune cikin toka yana la'antar ranar haihuwarsa. Ba mu jin akwai kuturun da zai ji wannan labari bai ga kansa ba. Akwai Zabura ta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu ba tare da an ce sauƙi ya zo ba. Akwai littafin Makoki sukutum. Sa'an nan ga Annabi Iliya, wanda ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, amsar farko da ya samu kuwa barci ce da abinci da ruwa, ba tsawa ba. A al'adar da ake yaba wa mai haɗiye baƙin cikinsa, ake kuma kunyar kukan babba, waɗannan surori sun ba mutum izinin faɗin abin da ke cinsa, har a gaban Ubangijinsa, ba tare da ya fita daga sahun masu bi ba.

Na biyu dangi ne. Wanda ya karɓi Kiristanci a ƙasar Kano sau da yawa yakan rasa gado da gida, ikkilisiya ta zame masa zuriya. Zumuntar Mata, wadda duk mai ibada da Hausa ya san ta da waƙoƙinta da tulun kiɗanta, ita ce ke zuwa gaisuwar mutuwa, ta kai wa gwauruwa tuwo, ta zauna da wadda ta daina fitowa. Likitocin hankali a yau sun tabbatar kaɗaici na ƙara ciwon damuwa, komawa cikin mutane da ayyukan yau da kullum kuma na rage shi. Matan nan sun daɗe suna yin haka da sunan zumunci.

An kuwa sha gwada wannan zumunci. Tarzomar Kano ta Oktoba 1991, da hare-haren 20 ga Janairu 2012 da suka shafi har hedkwatar 'yan sanda ta Bompai suka kashe mutum fiye da 180, Musulmi da Kirista, da harin 29 ga Afrilu na shekarar a kan masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, duk sun bar iyalai cikin makoki mai tsawo. Fasto da liman su ne ƙofar farko da irin waɗannan iyalai suka ƙwanƙwasa.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai gadon nan na rabon aiki ya zo da illarsa. Tun da babu likitan hankali a cikin tsarin mishan, sai ikkilisiya ta saba fassara kowane nauyin zuciya da ma'aunin ruhu. Da koyarwar warkarwa nan take ta bazu daga shekarun 1970, mai ciwon damuwa ya shiga tsaka mai wuya: in an yi masa addu'a bai warke ba, sai a ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ko akwai zunubin da ya ɓoye. Ga wanda ciwonsa da ma zargin kai ne, wannan ƙarin gishiri ne a kan gyambo. A sa shi dogon azumi alhali da ma ba ya ci, a raba shi da barci a sujadar kwana alhali rashin barci ne cutarsa, to, an juya labarin Iliya ke nan. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya sami masu taɓin hankali ɗaure da mari a wuraren addu'a na Kirista da na Musulmi, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Doka ma ba ta taimaka ba, domin sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa ya sanya ɗaurin da ya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ya sa iyalai suka gwammace su rufa asiri.

Alhali kuwa magani ya samu tun 1957, sa'ad da aka gano amfanin ƙwayar imipramine, kuma ciwon ba ƙarami ba ne: binciken da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga a 2010 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na manyan Nijeriya sun taɓa yin mai tsananinsa. Gureje ɗin ne kuma ya jagoranci gwajin da aka buga a 2020, inda aka haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi, aka tarar majinyata sun fi samun sauƙi in ɓangarorin biyu suka yi aiki tare. Gwajin a kan hauka aka yi shi, ba ciwon damuwa ba, don haka kada mu ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Amma ya nuna hanyar tana biyuwa, ita ce kuwa hanyar da Lambo ya fara bi a ƙauyen Aro tun 1954. A Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kano na da sashen likitocin hankali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin Dawanau, kuma daga Titin Mishan zuwa ko wannensu tafiyar Keke Napep ce.