Daga FIFA zuwa FC: abin da mai gidan gem da uban yaro ya kamata su sani

Makon jiya wani bawan Allah mai sayar da albasa a Mile 12 ya shigo shagona a Agege, ransa a ɓace, waya a hannu. Banki ne ya yi ta turo masa saƙon cire kuɗi har sau bakwai a dare ɗaya, shi kuwa ko tsinke bai saya ba. Da muka bi diddigi, ashe ɗansa ne ɗan shekara 13 ya saka katinsa cikin wani gem ɗin ƙwallo na waya yana sayen 'yan wasa. Abin da ya fi ɗaure wa uban kai shi ne tambayar da ya yi mini: "Malam, ba kyauta aka ce gem ɗin ba?"

Wannan tambayar ce ta sa na zauna na tattara abin da na sani. Ni dai a Sabon Ibadan na fara riƙe hannun gem, zamanin Winning Eleven a PlayStation ta farko, mai sharhi yana ta ihu da Japananci, mu kuma muna maimaitawa ba mu san me yake cewa ba. Yau da sana'ar nake ciyar da iyalina. To ga bayanin dalla-dalla, mai buƙata ya ajiye.

Su wane ne ke ƙera gem ɗin?

Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna kokawa a wannan fage. Na farko Electronic Arts, wato EA, na Amurka, wanda aka kafa a 1982. Shi ya fitar da FIFA International Soccer a watan Disambar 1993, daga nan kuma kowace shekara sai ya fito da sabo. Yawancin aikin a Kanada ake yin sa, kusa da birnin Vancouver, da taimakon wani reshe a Romaniya.

Na biyu Konami na Japan, mai Winning Eleven, wanda a Turai aka fi sani da Pro Evolution Soccer, mu kuma muke cewa PES. Zamanin PS2, musamman PES 6 na 2006, babu gidan gem ɗin da za ka shiga daga Idi-Araba har Fatakwal ba ka ga shi ake bugawa ba.

A waya kuma akwai FC Mobile na EA, da eFootball na Konami, da Dream League Soccer na kamfanin First Touch Games da ke Ingila.

Me ya raba EA da FIFA?

Da yawa sun ɗauka hukumar FIFA ce ke ƙera gem ɗin. A'a, sunanta kawai ta riƙa bai wa EA haya a da, tare da gasar cin kofin duniya. A watan Mayun 2022 aka sanar da cewa zaman ya ƙare bayan kusan shekara 30. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa EA na biyan kimanin dala miliyan 150 a shekara, FIFA kuma ta nemi a ninka, ya haura dala biliyan 1 duk shekara huɗu.

FIFA 23, wanda ya fito ranar 30 ga Satumbar 2022, shi ne na ƙarshe da wannan suna. Ranar 29 ga Satumbar 2023 sai ga EA Sports FC 24 da hoton Haaland a bangonsa. FC 25 ya biyo baya a Satumbar 2024, FC 26 kuma a Satumbar 2025. Yara a shagona har gobe FIFA suke ce masa, kuma ba su yi kuskure sosai ba: maƙeran su ne dai, gem ɗin ma shi ne, riga kawai ya canza.

Lasisi: dalilin da kake ganin sunayen bogi

Rabuwar ba ta girgiza EA ba, saboda sunayen 'yan wasa da kulob-kulob ba a hannun FIFA suke ba. Sunaye da fuskokin 'yan wasa galibi daga ƙungiyarsu ta duniya FIFPRO ake saye. Firimiya da La Liga da Bundesliga kowace da yarjejeniyarta. Gasar Zakarun Turai shekara goma tana hannun Konami, sai a 2018 ta koma EA, daga FIFA 19.

Idan kulob ya sayar da sunansa ga ɗaya, sai ɗayan ya ƙirƙiro masa na bogi. Shi ya sa Juventus ta zama Piemonte Calcio daga FIFA 20 zuwa 22, Inter da AC Milan kuma suka zama Lombardia FC da Milano FC a FC 25. Ba faifanka ne jabu ba, kada ka koma Alaba kana rigima da mai shago.

Mu fa? Gasar Najeriya ba ta ciki, don haka ba za ka ɗauki Kano Pillars ko Enyimba ba. 'Yan wasanmu sai ta kulob ɗinsu na waje ake samunsu, irin su Osimhen da Lookman. Okocha da Kanu suna cikin katunan tsofaffin gwanaye. Wanda ya buga FIFA 17 kuwa ba zai manta Ahmed Musa na Leicester ba, in aka zura masa ƙwallo sai dai mai tsaron baya ya bi shi da kallo. Wannan giɓi yana ci mini tuwo a ƙwarya: muna cikin waɗanda suka fi son gem ɗin, amma gasarmu ko a lissafi ba ta.

Wanne ya fi daɗin bugawa?

Nan ra'ayina ne, kowa da nasa. FC gem ne na gudu da yanka. Ya fi kyan gani, filaye da riguna da waƙar 'yan kallo duk kamar a talabijin. Matsalarsa, ɗan wasa mai gudu ya fi mai basira amfani, har yaro ya haddace dabara biyu ya yi ta cin mutane da su. PES kuwa ƙwallon tana da nauyi, sai ka haɗa fasin kafin ka ga raga. Wanda ya san ƙwallo a fili ya fi jin daɗinsa.

Amma Konami da hannunsa ya yi wa kansa illa. Ranar 30 ga Satumbar 2021 ya ajiye sunan PES ya fito da eFootball 2022 kyauta, bayan ya canza ginshiƙin manhajar zuwa Unreal. Abin ya fito ɗanye: fuskoki a murguɗe, kulob 9 kacal za ka iya ɗauka ba tare da intanet ba, ga Master League da muka saba babu. Masu sharhi a kasuwar gem ta Steam suka jefa shi can ƙasan jerin, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. An gyara shi sosai daga baya, a waya ma ya karɓu ƙwarai, sai dai gidajen gem da yawa sun tsaya a PES 2021 suna sabunta sunaye da fayil ɗin gyara.

A ɓangaren EA, FC 24 ya shigo da mata cikin Ultimate Team, FC 25 ya kawo Rush na mutum biyar-biyar. FC 26 ya raba wasan gida biyu: mai sauri don karawa a intanet, da mai natsuwa da ya fi kama da ƙwallon gaske. Wannan rabon na yaba, an daɗe ana roƙonsa. Amma maganar gaskiya, canjin shekara guda bai kai a ce sai an sake biyan dala 70 ba.

Inda kuɗin yake

Ga amsar tambayar mai albasa. A 2009 EA ya ƙirƙiro Ultimate Team: kai za ka haɗa kulob ɗinka da katunan 'yan wasa. Katunan a cikin ƙunshi suke zuwa a rufe, ba ka san wa ke ciki ba sai ka buɗe. Kana iya tara kuɗin cikin gem ta hanyar buga wasa, ko ka sa kuɗin gaske ka sayi maki. Ƙila ka samu Mbappé, amma mafi yawan lokaci tarkace ne. Kuma idan sabon gem ya fito a Satumba, katunan bara ba sa bin ka, daga farko za ka sake.

A shekarar kuɗi ta 2021, EA ya bayyana cewa Ultimate Team na wasanninsa ya kawo dala biliyan 1.62. Ka ga ashe faifan ƙofar shiga ce kawai, cinikin yana ciki. Na waya ma haka tsarin yake: saukewa kyauta, amma gwanayen 'yan wasa sai ka juya ka gwada sa'a. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙasashe sun yi magana a kai. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan ƙunshi caca ne, kuma a Janairun 2019 EA ya daina sayar da makin a can. Holan ta ci kamfanin tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 10, amma a Maris ɗin 2022 babbar kotu ta soke. Daga FIFA 19 an fara nuna yiwuwar samun kowane irin kati, kuma za ka ga manyan sau da yawa ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne. A wurina dai, duk abin da za ka ba da kuɗi ba ka san me za ka karɓa ba, ƙanin caca ne. A shagona ba a buɗe ƙunshi da kuɗin gaske.

Wai gem ɗin yana maguɗi?

Kullum sai an yi wannan musu: "Oga, gem ɗin ne ya ba shi ci!" Zargin shi ne ana sassauta wa wanda ake ci don kada ya yi zuciya ya daina. Gaskiya ne EA na da rajistar wata fasaha mai daidaita wahalar wasa, har wasu suka kai shi kotu a California a 2020. Sun janye ƙarar a 2021 bayan an ba su damar ganawa da injiniyoyin kamfanin, shi kuma ya nace ba ya amfani da ita a Ultimate Team. Abin da na gani da idona, yawancin "maguɗin" a nan daga netwok ne da hannun gem da ya gaji. Ka danna fasin, saƙon ya je ya dawo a makare, an riga an ƙwace.

Cinikin 2025

A ƙarshen Satumbar 2025 aka sanar cewa asusun zuba jari na Saudiyya, PIF, tare da kamfanonin Silver Lake da Affinity Partners, sun amince su sayi EA a kan dala biliyan 55. Kimanin biliyan 20 daga ciki bashi ne. Abin da ya shafe mu ke nan: mai bashi a wuya ba ya rage farashi. Hasashena, tallar ƙunshi ƙaruwa za ta yi, ba raguwa ba.

Ga mai gidan gem

Ɗan'uwa, kada ka ci bashi don PS5 kawai saboda maƙwabcinka ya saya. FC 26 ya fito a PS4, duk da cewa sabuwar fasahar motsin 'yan wasa, HyperMotion, tun FIFA 22 sai a sababbin na'urori. Kwastomanmu mutum biyu ne a benci ɗaya, Madrid da Barcelona, minti biyar-biyar. Wannan PS4 ta ishe shi. Idan ciniki ya buɗe, ka sa PS5 guda ɗaya da farashinta daban.

Ka sani mai PS4 ba ya karawa da mai PS5 a intanet sai in na biyun ya buɗe nau'in PS4. Wasan intanet a FC sai da rajistar PlayStation Plus, kuma da yake Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen kasuwar PlayStation, asusun wata ƙasa ake buɗewa. Katin kuɗin da za ka saya dole ya dace da ƙasar asusun, in ba haka ba ka yi asara.

In da hali ka sayi faifai, domin kana iya sayar da shi ka cika ka sayi sabo. Kada ka yi rububin makon farko, farashi yakan faɗi sosai wajen ƙarshen Nuwamba. Tsohon gem kuma ba ya dawwama a intanet: a Nuwambar 2023 EA ya rufe na FIFA 18 zuwa 21, sai dai a buga a gida. Sannan ka tanadi abin daidaita wuta da na riƙe ta. Ɗauke wutar NEPA ana tsakar sabunta gem, da janareta mai hawa da sauka, sun kashe na'urori fiye da hannun yara.

Ga iyaye

Alhaji, Hajiya, ba sai kun iya gem ba. Abu huɗu kawai:

1. Kada a bar katin banki a maƙale cikin Play Store ko App Store na wayar da yaro ke taɓawa. In dole ne, a saita ta nemi lambar sirri kafin kowane ciniki.
2. A PlayStation a buɗe wa yaro asusun yara ƙarƙashin na babba, a sa iyakar kashe kuɗi a sifili.
3. A cikin FC akwai wurin da ake kira Playtime, yana nuna awannin da aka buga da makin da aka saya, kuma ana iya sa iyaka.
4. Idan an riga an cire kuɗi, a nemi a mayar ta kasuwar manhajar nan take, kada a bari a kwana biyu.

Kuma a tambayi yaro me yake bugawa, da wa yake bugawa. Gem ɗin ƙwallo ba abin gudu ba ne. Na ga ya haɗa yaranmu da na Yarbawa da na Ibo a benci ɗaya, ana ci ana dariya, kuma ya fi mini zaman bakin tasha. Amma mai gidan gem na ƙwarai ba ya karɓar yaro da kayan makaranta a jikinsa, kuma in an kira salla yakan kashe talabijin.

Mai albasa ya samu wani ɓangare na kuɗinsa, saura ya tafi. Jiya ya turo yaron da wayar na saita masa lambar sirri. Duk mai irin wannan matsala, ya nemi mai gidan gem na unguwarsu ya duba masa, aikin minti biyar ne. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a nema.