Littafi Ɗaya, Kunne Goma: Karatun Talaka Tsakanin Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya miƙi hanyar Jega, sai ya ratsa Boɗinga kafin ya kai Shagari. A idon matafiyi garuruwa ne na manoma da 'yan kasuwa, kuma in an zo ƙidayar masu karatu a ƙasar nan, irinsu ake fara jefawa cikin kwandon jahilai. Mu da muka tashi a wannan yanki mun san lissafin yana da gyara. Mai ƙidaya yana neman mutum ɗaya riƙe da littafi ɗaya, alhali mu tun asali littafi ɗaya yakan wadaci gida guda, wani lokaci har unguwa.

Bari mu faro daga Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan jihadi yana karantarwa yana rubutu, har ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. A wancan zamani takarda haja ce mai tsada. Daga Italiya ake yo ta, mai tambarin jinjirin wata uku, ta biyo Tarabulus ta keto Sahara a bayan raƙuma. Kowane littafi da hannu ake kwafarsa. Manomi ba zai iya mallakar irin wannan ba, kuma malaman sun san haka. Shi ya sa suka riƙa zuba ilimi cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, a rubuta da ajami, mutum ɗaya ya rera, jama'a su haddace.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da wannan dabara tsari. Ta naɗa jajoji, dattawan mata masu jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka. Su zo wurinta su ɗauki waƙoƙi, su koma su koyar da matan kulle da ba su fita. Takarda tana hannun mutum ɗaya, amma abin da ke cikinta yana bakin ɗaruruwa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 suka kawo boko, rubutu ya sauya, ɗabi'a ba ta sauya ba. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kwafi ɗaya zai iso gari a hannun malamin makaranta ko malamin haraji, da yamma a kewaye shi a ƙofar gida yana karanto labarin yaƙin Hitila. Masu jaridar ma sun gane cewa masu ajami sun fi masu boko yawa, har suka riƙa haɗawa da 'yar takardar ajami mai suna 'Yar Gaskiya.

Shagari ta ba da nata misali. Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, malamin makaranta ne tun kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa a 1979. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, inda ya zuba labarin ƙasa cikin baitoci don yara su riƙe. Ɗan boko ne, darasin ma na boko ne, amma hanyar ta mutanen Sifawa ce. A shekarun 1950 kuma, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Ta lardinmu ita ce Zaruma.

Ajami bai mutu ba don injin ɗab'i ya zo, injin ma ya yi masa hidima. Madaba'o'in Kano da Zariya suka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu suna buga shi dubbai a takarda mai arha. Har gobe in ka je ƙofar masallacin Juma'a ko cin kasuwa za ka tarar da mai shimfiɗa: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Ishiriniya, da Imfiraji na Aliyu Namangi, wadda makafi suka yaɗa da baki fiye da yadda kowane kanti ya yaɗa ta.

Sai zamanin littattafan soyayya daga tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka shigo ɗakunan yayyenmu ta hannun direbobin Kano da 'yan tireda. Marubuci kan raba labari kashi biyu ko uku don kuɗin ya yi sauƙi. Wadda ba ta iya saya ba ta yi haya. Wadda ba ta iya boko ba ta sa ƙanwarta ta karanta mata, ko ta jira rediyo. Mu da kanmu mun sha zama 'yan aiken musayar littafi tsakanin gidaje, bango ya yage, an ɗinke shi da zare. Wannan ba namu ne mu kaɗai ba. A ƙasar Filifin, mujallar Liwayway da aka fara bugawa da harshen Tagalog a 1922, da littattafan zane da ake haya a bakin titi, su suka riƙe karatun talaka shekaru da dama, manyan 'yan boko suna yi musu kallon raini kamar yadda aka yi wa namu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Abin da aka raina ba a adana shi. Rubuce-rubucen manyan malamai sun sami matattara a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, amma wa ya tara Zaruma? Wa ya ajiye littafin hayar da mata hamsin suka karanta har ya ƙare? Gara da ɗigar ruwa sun cinye mafi yawansu.

Yau karatu ya koma waya. Ana tura labari shafi-shafi a WhatsApp, ana saurarensa da murya a YouTube, wato har yanzu kunne bai bar aikinsa ba. Mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san rauninsa fiye da kowa. Wayar ta faɗa ruwa, labari ya tafi. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Ko nemo rubutu ma aiki ne, domin wani ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, wani ya bar su babu lanƙwasa, na'ura kuma ta ɗauke su kalmomi daban. Haruffan fa da ƙaf da nun irin na rubutunmu na Warshu sai a 2016 suka sami gurbi a Unicode, ma'aunin da kwamfutoci ke gane haruffa da shi.

Almajiran Sifawa sun kwafa da hannu don kada littafi ya ɓace. Namu aikin ya fi sauƙi. A ƙarƙashin gadajen iyayenmu da cikin adakokinsu akwai ƙunshin tsofaffin takardu. Mu nemi izini mu buɗe, mu ɗauki hoton kowane shafi, mu rubuta sunan littafi da garin da aka same shi, sannan mu tambayi mai shi: wa ya karanta miki wannan, kuma ku nawa kuka saurara?